Layin da Baba Ya Hana Ni Cikewa

Ƙamshin dusar iccen maɗaci ne ya riga Baba shigowa gida ran nan. Haka yake kullum idan ya taso daga wurin injin tsaga katako: dusa a gashin gira, dusa a aljihu, har a cikin kunne. Kwana biyu ke nan da dawowata daga Zariya, na gama jarrabawar ƙarshe a kwaleji, kuma komai dariya yake ba ni. Ko akuya ta yi atishawa sai na tsaya na yi mata sannu.

Ya zauna a tabarma ƙarƙashin mangwaro, ya zaro wata takarda a ninke daga cikin hula.

"Uwata, zo ki karanta min wannan."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka. Amma ba kiran ne ya faranta mini rai ba. Tun tasowata, duk takardar Turanci da ta shigo gidanmu wurin maƙwabcinmu malamin firamare ake kai ta. Yau ni aka miƙa wa. Na yi tsalle na tsallake turmi, na zube a gefensa na hagu.

"Koma ta nan," in ji Umma, tana nuna damarsa da ludayi. "Can akwai tururuwa."

Ban ga tururuwa ba, amma na koma.

Takardar daga ƙungiyar masu katako take. Sun haɗa kai da wani kamfanin inshora, irin na taimakekeniya wanda malamai suka ce babu laifi. Kowane ma'aikaci zai riƙa zuba ɗan abu duk wata. Idan aiki ya raunata mutum, ko ya jawo masa ciwon da ba zai iya komawa bakin inji ba, sai a riƙa tallafa masa daga wannan asusu. Wanda yake so ya cike fom ya mayar wa sakataren ƙungiyar kafin ranar kasuwa, wato jibi.

Ina karantawa ina fassarawa, ina ƙara gishiri. Na ce kamar rumbu ne da mutane da yawa suka gina tare, kowa yana fatan kada ya zama shi zai buɗe. Na ji daɗin wannan magana har na maimaita ta.

Goggo, ƙanwar Baba, ta zo daga Randagi da safe a bayan babur, tana zaune tana ɓare gyaɗa. Ta ce, "To boko, mun ji rumbu. Karanta mana inda ake rabo."

Akwai wani shafi da aka jera gaɓoɓin jiki, kowace da matsayinta. Hannu gaba ɗaya, sannan ido, sannan yatsu. Da na ce babban yatsa ya fi ɗan ƙaramin daraja, Goggo ta ɗaga nata ɗan ƙaramin ta kalle shi da tausayi.

"Allah sarki, auta. Ko a takarda ma an raina ka."

"Duba mana ko akwai harshe," in ji Umma. "Goggonku da shi take aiki."

"Matar Yaya, ki kiyaye ni!"

"Ai in naki ya samu rauni, mu za mu biya kamfanin tukwici."

Na kwanta a tabarma ina dariya har hawaye suka jiƙa gefen fom ɗin. Baba ma ya yi dariya, amma da ya gama sai ya ce, "To an yi nishaɗi. Ninke ta. Ba zan shiga ba."

Na daina dariya. Na tuna abokin aikinsa wanda zarto ya kwashe wa yatsu uku bara. Yanzu yana zaune a bakin tasha yana kallon motocin Kaduna suna lodi, matarsa ce ke riƙe gidan da ƙosai. Tun daga lokacin, duk sanda na ji ƙarar inji daga nesa ta canza murya, sai na daina abin da nake yi.

"Baba, don me?"

"Shekara nawa ina wannan aiki? Tun muna shiga daji da kanmu mu kayar da icce, kafin dajin ya gagari shiga. Allah ne ke tsare ni. Yanzu in zauna in rubuta da hannuna cewa ina jiran ranar da zan nakasa?"

"Yaya, ba kira ba ne, tanadi ne," in ji Goggo. "Kai da kake ɗaure babur da sarƙa a ƙofar masallaci."

"Wannan daban."

"Daban da me? Babur ya fi hannunka?"

Ni kuwa na miƙe tsaye kamar mai muhawara a makaranta. Na kama hannunsa na dama, na buɗe shi a tafin nawa. Yana da kaushi kamar ɓawon iccen doka. Na ce wannan hannun ne ya saya mini takalmin aji ɗaya, shi ya kai ni Zariya, kuma shi kaɗai ne a gidan nan ba a taɓa yi wa tanadin komai ba. Rumbu yana da jinka, kaji suna da akurki. Na faɗi abubuwa da yawa, wasu ma ban san daga ina suke fitowa ba. Goggo tana ta cewa, "Kai, kuɗin makaranta bai faɗi ƙasa ba!"

Baba ya kalli tabarma. Can ya ce, "In mutum ya riga ya zo da lalurarsa fa? Me takardar ta ce?"

Na duba. Na ce dole ya faɗa tun farko. Abin da ya riga ya same shi ba za a biya ba, sai abin da ya zo daga baya. In kuma ya ɓoye aka gano, duka ya rushe.

"Su kuma masu injin za su ga abin da aka rubuta?"

"An ce tsakanin mutum ne da kamfanin, sai sakatare da zai sa hannu."

Ya juyo da kansa gaba ɗaya ya kalli Umma. Ita kuwa ta ci gaba da juya miya.

"Ɗauko biro," ya ce.

Ban san lokacin da na yi guɗa ba. Goggo ta amsa, kaji suka watse. Na cike suna, unguwa, irin aiki, da rubutuna mafi kyau, ina yi wa kowane harafi wutsiya. Da na iso layin da ke tambayar ko akwai wata lalura a jiki, na ɗaga biro zan rubuta babu, sai ya dafe takardar.

"Bar wannan. Sakatare zai cike. Kada a ce 'yata ta yi min komai, shi ya rasa aiki."

Muka sake fashewa da dariya. Na shafa masa tawadar biro a babban yatsa, wanda ya fi daraja, ya dangwala. Har magariba ina yawo a tsakar gida ina jin kamar ni na ɗaga rufi na aza a kan gidanmu.

Shekaru bayan haka, girgizar inji ta cinye masa jijiyoyin hannu. Yatsunsa suka daina jin zafi da sanyi, likita ya ce ya bar aikin. Tallafin ya zo, ba mai yawa ba, amma bai zauna a bakin tasha ba. Ni aka aika in karɓo kwafin fom ɗin don a haɗa da takardar asibiti. Na ga rubutuna mai wutsiyoyi, na ga tabon hawayen dariya a gefe. A layin da Baba ya hana ni cikewa, da rubutun sakatare, an sa cewa idon hagu ba ya gani, tsinken katako ne ya shige shi, tun shekarar da aka haife ni.