Kujerar Da Na Rage Wa Ƙafa Saboda Malamar Aji Uku

Zango biyu cur Malama ta zaunar da 'yata a bencin baya, kuma kuskure ne. Ba ni na fara faɗa ba. Ita ta faɗa da bakinta, ta kuma rubuta shi inda kowa zai gani, a daidai lokacin da ake shirin ba ta shugabancin makaranta. Wannan makon za ta ajiye alli bayan shekara talatin da ɗaya tana koyarwa, sai malaman da ke karanta shafinta na intanet suka ce duk wanda ya san wani abu game da ita ya rubuto. Ni kafinta ne, a aji huɗu na tsaya. Amma wannan maganar a gabana aka yi ta.

Shekara goma sha tara ina gyaran bencinan makarantar. Ban taɓa zuwa da safe na riga ta ba. Gajeruwa ce, sai ta hau wani ɗan akwati da na ƙera mata kafin hannunta ya kai saman allo. Yara kan kira ta Malama Alli a bayan idonta, don kafin ƙarfe tara gefen mayafinta ya yi fari fat. In an tashi da rana, kowa ya kama gabansa, ita sai ta koma benci na uku jikin taga, don nan ne kaɗai waya ke kama sabis a ajin. Ta cire takalmi, ta yi ta danna waya da yatsa ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa.

Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Malama, ke ma kin shiga sahun 'yan latse-latse?"

Ta ce, "Kafinta, ka ji da ƙusarka."

Daga baya ta yi mini bayani. Shafi gare ta a intanet. Tana rubuta abin da ya faru a ajinta, malamai daga wurare daban-daban su karanta, su rubuta nasu a ƙasa. Yawancinsu ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ba ta rubuta darasin da ya yi kyau. Sai wanda ya lalace.

Ta ce, "Wanda ya yi kyau ai ya riga ya yi. Wanda ya ɓaci nake so a taya ni dubawa."

Na ce, "Ni dai ban taɓa fito da karkataccen teburi ƙofar shago don jama'a su gani ba."

Ta girgiza bencin da take kai, ya yi ƙara. Ta ce, "Shi ya sa har yau bencinanka ke rawa."

To, makarantar tana da wata doka da mai makaranta ke ji da ita. Bayan kowace jarrabawa sai a sake wa yara wurin zama. Na ɗaya a gaba, na biyu kusa da shi, a haka har na ƙarshe ya jingina da bangon baya. In iyaye sun zo sai ya buɗe musu ƙofar aji ya ce su duba, ba sai sun tambayi matsayin ɗansu ba. Mu ma muna so, ban da ƙarya. Autata ta shiga aji uku tana bencin tsakiya. Jarrabawar farko ta koma baya. Ta biyu ta kai bango. Malama ta rubuta a takardar sakamako cewa yarinyar tana kwafar littafin maƙwabciyarta, ba ta kallon allo.

Ni kuwa na yi abin da na iya. Na kira ta daƙiƙiya a gaban yayyenta. Na hana ta wasa. Na ce wa uwarta in zangon ya ƙare a haka, ta zauna gida ta koyi ɗinki, makaranta ba ta kowa ba ce. Uwar ta ce mini, "Yarinyar da ke haddace duk abin da aka faɗa a rediyo ita ce daƙiƙiya?" Na ce a rufe maganar.

Ashe Malama ta kai matsalar shafinta. Ba ta sa suna ba. Ta ce tana da yarinya wadda in an yi tambaya da baki ita ke fara ɗaga hannu, amma in an ce a kwafa daga allo sai ta leƙa littafin wata. Ta yi faɗa, ta yi horo, ta raba su, duk a banza. Malamai tara suka amsa. Wasu suka ce lalaci ne, wasu suka ce a kira uban. Sai wani da ke sa hannu da Malamin Bakin Kogi ya rubuta layi biyu. Ya ce kafin ta sake hukunta ta, ta rubuta lamba girman tafin hannu a allo ta tambaye ta daga inda take zaune, sannan ta riƙa matso da ita benci bayan benci.

Washegari da rana ina shago ina yankan katako, sai ga Malama riƙe da hannun Auta. Ko gaisuwar kirki ba mu yi ba. Ta zare fensirin da ke kunnena, ta rubuta lamba bakwai babba a jikin wani fallen katako, ta jingina shi da bango. Ta tsayar da yarinyar a bakin ƙofa.

"Auta, me na rubuta?"

Yarinya ta tsuke ido, ta karkata kai. Ta ce, "Akwai dai wani abu baƙi."

Ta ƙara taku biyu gaba, ba ta gane ba. Sai da ta zo kusan kamu uku da katakon ta ce bakwai. Sannan ta juyo ta dube ni ta ce, "Baba, ai kowa haka yake gani, ko?"

Na riƙe zarto na rasa inda zan ajiye shi. Ni mai gane karkacewar katako daga ƙetaren titi, 'yata ba ta ganin allo, muna gida ɗaya shekara tara ban sani ba.

Malama ta ce, "Laifina ne, Kafinta. Duk lokacin da ta kasa gani sai in ƙara mata nisa."

Na ce, "Naki kaɗan ne. Ke ba ki kira ta daƙiƙiya ba."

Muka kai ta asibitin ido, aka ba ta tabarau. A hanyar dawowa ta yi ta karanta rubutun jikin shaguna da ƙarfi har sai da uwarta ta ce ta yi mana shiru.

A nan ni na ɗauka magana ta ƙare. Malama kuwa ta koma bencinta na jikin taga ta rubuta komai. Ta fara da cewa ita, malamar shekara goma sha takwas, ta zaunar da yarinyar da ba ta gani a inda ba a gani. Ta bayyana dokar zama bisa sakamako da yadda take tura irin wannan yaro baya, har ya zama an yanke masa hukunci. Ta roƙi duk malamin da ya karanta ya gwada 'yan bencin bayansa. Ta faɗi abin da ake bukata: kwali ɗaya, lambobi manya da ƙanana, da igiya mai tsawon taku shida.

Cikin makonni amsoshi suka yi ta shigowa. Takan karanta mini ina buga ƙusa. Wata malama ta samu yara biyu da ba sa ganin allo a aji ɗaya. Wani ya gwada ido bai samu komai ba, sai ya gwada magana a hankali daga baya, ya gano ɗalibarsa kunne ɗaya ne ke ji. Wani kuma ya ce igiyar ta yi wa ajinsa tsawo, sai wata ta koya masa ya tsayar da yara a baranda. Malama tana karantawa tana dariya, hawaye na bin hancinta.

A wannan zangon ne tsohon hedimasta zai yi ritaya, kuma mai makaranta ya riga ya gaya wa Malama ita ce za ta gaje shi. Kowa ya sani. Ni aka ba gyaran kujerar ofis. Na dubi kujerar, na tuna tsawon wadda za ta zauna, na yanke inci uku daga kowace ƙafa, na sa mata sabon soso. Na kira ta ta gwada. Ta zauna, tafin ƙafarta ya sauka daram a siminti.

Ta ce, "Kai! Yau ƙafata ta taɓa ƙasa a ofis."

Kwana huɗu bayan nan wani uba ya ci karo da rubutun. Babu sunan makaranta a ciki, amma wa ke da irin wannan doka in ba mu ba? Iyaye suka fara zuwa suna tambayar ko an gwada idon 'ya'yansu kafin a kai su bango. Mai makaranta ya kira Malama ofis. Ina durƙushe a kusurwa ina gyaran murfin kabad, bai ce in fita ba, ni ma ban fita ba.

Ya ce, "Malama, kin san ina ganin girmanki. Amma kin fitar da cikin gidanmu waje. Ki goge rubutun nan yau, Litinin ki shigo ofis ki kama aiki."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, malamai sama da arba'in sun gwada abin nan. Kullum wasu na shigowa. In na goge, wanda zai zo nema gobe fa?"

"To ki cire maganar wurin zama, ki bar ta kwali da igiya."

"In na cire ta, ba za su san bencin da za su duba ba."

Sai ya ce ba zai ɗora a kan makarantarsa wadda ba ta iya rufe mata asiri ba, ta je ta yi tunani zuwa Litinin.

Na bi ta har aji. Ba zan ɓoye ba, ni na ce ta goge. Na ce, "Malama, kada ki yi wauta. Auta ta samu tabarau, ta dawo benci na biyu. Me ya rage?"

Tana tattara littattafai, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Autar wani."

Ran Litinin aka sanar da malamin aji shida, wanda muke kira Dogo, a matsayin hedimasta. Malama ta tafa masa tare da kowa, ta koma ta hau akwatinta. Da aka tashi na leƙa, tana jikin taga, ba takalmi, tana amsa wa wata sabuwar malama da aji ya gagara. Bayan shekara biyu aka soke dokar wurin zaman ba tare da hayaniya ba, ba wanda ya ambaci sunanta. Mai makaranta bai kore ta ba, ban ce ya zalunce ta da wani abu bayan wannan ba. Amma bai sake yi mata maganar ofis ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Malama, ke ce kika koya wa manya irinmu cewa a iya cewa na yi kuskure a bainar jama'a, kuma a kwana lafiya. Ke ce kika mai da waya mai fasasshen gilashi ɗakin malamai, inda wanda ke koyarwa shi kaɗai a ƙarshen hanya zai yi tambaya da rana, kafin la'asar mutum biyar sun amsa masa. Har yau ba ki taɓa ganin Malamin Bakin Kogi ba, amma duk shekara sai kin sake gode masa a shafin. Uwar aji uku, mai farin mayafi ba don ado ba. Auta yanzu a ɗakin gwaji na asibiti take aiki, wuni take tana leƙa abin da idon mutum ba ya gani. Ta ce in gaya miki har yanzu tana da kwalin gwajin idon da kika ba ta. Ni kuma tun daga shekarar, in na ɓata aiki sai in kira maƙwabcina kafinta in nuna masa. Yana yi mini dariya, amma bencinan sun daina rawa. Kin lura, ba ki dai faɗa ba.

Ku malamai da ke karanta wannan, ba ni da ilimin da zan yi muku wa'azi. Abu ɗaya nake roƙo. Darasin da ya ƙi muku, kada ku kulle shi a aljihun tebur. Ku rubuta shi yadda ya faru, ku bari wani ya gani. Gobe da safe kuma ku taka zuwa bencin baya ku zauna, ku dubi allo daga can. Shafin yana nan, ta ce ba za ta rufe ba, ritaya daga aji ta yi, ba daga yatsa ɗaya ba.

Na gode, Malama. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar hutawa.

Kujerar tana nan a ofis. Shekara goma sha uku Dogo yana zaune a kai, gwiwoyinsa na dukan ƙasan tebur. Sau uku ya ce in ƙara mata ƙafa, sau uku na ce masa ba ni da irin katakon. Wadda na yanke ta dominta sau ɗaya ta taɓa zama a kai, bai fi minti biyu ba. A aji uku na same ta, ran Alhamis kuma daga aji uku za ta ɗauki jakarta ta fita.