Kwamfutar da Muka Shayar da Ruwan Randa

A ƙarshen shekarun casa'in ina koyar da lissafi a wata sakandare a Tudun Wada, sai yayana da ke aiki a Legas ya zo hutun Babbar Sallah, da zai koma ya bar mini kwamfutarsa. 'Yar ƙarama ce, akwatinta a kwance, faɗinsa bai fi na tiren shayi ba, a kansa ake ɗora allon. Da ita nake buga tambayoyin jarrabawa da katin ɗaurin aure da na suna, har daga Burumburum ake kawo mini aiki.

Matsalarta ɗaya ce, ƙara. Akwatin a matse yake, iska ba ta samun wurin zagayawa, sai 'yar fankar da ke ciki ta yi ta kuka kamar injin markaɗe. Da bazara ta kama abin ya ƙaru. In azahar ta yi, duk da wannan kururuwar, sai kwamfutar ta daskare, aikin da na yi tun hantsi ya tafi. Matata, wadda a lokacin take goyon 'yarmu ta fari, takan leƙo ta ce, "Malam, don Allah a rage wa injin nan murya, yanzu na samu ta yi barci."

Ina da aboki tun na firamare, bakanike ne a bakin tasha, gyaran lagireton mota shi ne abin da ya fi ƙwarewa a kai. Wata rana da la'asar ina zaune a garejinsa ina ba shi labari, shi kuwa yana ɗura wa wata motar haya ruwa, tururi na tashi. Ina kallon ruwan nan yana shiga, sai na ji maganar ta fito daga bakina kafin in auna ta.

"Wai me zai hana a yi wa kwamfuta haka?"

Ya ɗago ya dube ni. "Ruwa da lantarki? Malam, ko zafin ya taɓa ka ne?"

Na ɗauki tsinke na zana masa a ƙasa. Na ce abin da ke ɗaukar zafin ɗan falle ne guda, bai wuce akwatin ashana ba, shi fankar ke hurawa. In aka ɗora masa ƙarfe mai rami a ciki, ruwa ya riƙa bi ta ramin yana fita waje ya huce ya dawo, ai fanka ta gama aiki. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon zanen. Can sai ya karɓi tsinken ya gyara mini lanƙwasar bututun, ya ce in iska ta maƙale a nan ruwa ba zai wuce ba. Daga wannan lokacin abin ya zama namu mu biyu.

Ban taɓa jin ɗokin wani aiki irin wannan ba. Ina gaban allo ina koyarwa, hankalina na kan bututu. Kowace yamma sai mu haɗu a gareji mu yi ta musu. Shi ya tuno cewa motocin da ake shigowa da su daga Turai suna da wani ƙaramin lagireto a ƙarƙashin gaban direba, na ɗumama cikin mota, wanda mu nan babu mai kunna shi. Ya ciro ɗaya daga wata matacciyar mota, ya wanke shi har ya yi ƙyalli, ya riƙe shi yana juyawa kamar wanda aka ba kyautar agogo.

Famfon da zai riƙa tura ruwan ne ya fara ba mu kunya. Muka gwada wanda ke fesa ruwa a gilashin mota. Da muka haɗa shi da batir sai ya ƙwala wata ƙara da ta ninka ta fankar, ruwa ya tsartu a fuskar abokina. Muka yi dariya har mai shayin da ke gefe ya zo tambayar lafiya. Sai da na shiga Kano na yi ta yawo a Sabon Gari, sannan na samu irin wanda ake sakawa a akwatin gilashin kifin ado. A cikin ruwa ake nutsar da shi, ba ka jin komai sai ɗan motsi a yatsa. A motar dawowa a cinyata na riƙe shi, na ƙi yarda a sa shi a but.

Saura ƙarfen da zai zauna a kan fallen. Aka kwatanta mana wani dattijo a garin Ƙofa, maƙerin fari, mai yin awarwaro da zobba. Muka hau babur ranar Asabar muka same shi a zaurensa. Muka durƙusa muka gaishe shi, muka tambayi iyali da aiki, sannan na fito da ɗan katakon da na sassaƙa daidai girman abin da muke so.

"Baba, irin wannan muke so da jan ƙarfe. Cikinsa da rami, da baki biyu, ƙasansa kuma sumul kamar madubi."

Ya juya katakon a hannunsa. "Laya ce?"

"A'a, Baba, inji ne zai sha ruwa ta ciki."

"Wane irin inji?"

"Mai rubutu."

Ya yi murmushi ya ce ya ƙera wa amare, ya ƙera wa dawaki, bai taɓa ƙera wa marubuci ba. Ya ce mu dawo kasuwa mai zuwa. Da muka koma, ya liƙe shi da dalma tsaf, ya hura ta baki ɗaya ya toshe ɗayan da yatsa don mu ga ba ya yoyo. Ya ce in ya yi aiki a zo a gaya masa.

Abin da ya rage shi ne mazubin ruwan da famfon zai zauna a ciki. Na ɗauko bokitin roba ina aunawa a tsakar gida, matata na tankaɗe a gefe. Ta tambaye ni me zan yi da shi, na yi mata bayani. Ta ce, "To in sanyi ake nema, me ya kai ka roba? Ga randa can, ko da tsakar rana ruwanta da sanyi." Na tsaya da bokiti a hannu, sai kuma na ajiye shi na hau babur sai gareji.

Abokina bai ji daɗi ba da farko, don yana ganin za a yar da lagireton da ya sha wahalar wankewa. Muka yi ta ja, daga ƙarshe muka shirya a kan a yi amfani da duka biyun. Ruwa zai fito daga kwamfuta da ɗuminsa, ya bi ta lagireton da za mu rataye a taga, sannan ya gangara cikin randa ya ƙarasa hucewa. Matata ta ba mu ƙaramar randarta, da sharaɗin in sayo mata sabuwa ranar kasuwa.

Ba mu yarda mun kusanci kwamfutar ba sai da muka gwada a tsakar gida. Muka haɗa komai da siririn tiyo, muka ɗaure kowace mahaɗa da waya, muka shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa don ko ɗigo ɗaya ya faɗo mu gani. Sannan muka kunna famfon, muka ɗora ƙarfen a kan dutsen guga mai zafi. Na sa yatsa a bayansa ina jiran ya ƙone ni, sai na ji ɗumi kawai. Na kira abokina ya taɓa, shi ma ya kira matata ta taɓa. Muka bar ruwan yana zagayawa har la'asar, jaridar ba ta jiƙe ba.

Ranar da muka ɗaura shi a kwamfutar, da hantsi aka kawo wuta. Na cire fankar, na ɗora ƙarfen dattijon a gurbinta, muka fitar da tiyon ta wata kafa a bayan akwatin. Abokina ya tsaya riƙe da tsumma, wai ko da tsautsayi. Na yi bismillah na danna.

Allon ya kawo haske. Muka yi tsit muna sauraro. Akwai sauran 'yar fanka guda a ɓangaren da wuta ke shiga, amma numfashinta a hankali yake, sai ka kasa kunne za ka ji. Daga cikin randa kuma ana jin ɗan zubar ruwa. Abokina ya ce da raɗa, "Ta tashi kuwa?" Na nuna masa rubutun da ke fitowa, sai ya yi tsalle ya buga kansa da ƙofa. Ranar na buga katin aure tun hantsi har bayan la'asar, ba ta daskare ko sau ɗaya ba. Malaman makarantarmu suka riƙa zuwa kallo, kowa sai ya ɗaga faifan randar ya leƙa. Asabar ɗin da ta biyo muka koma Ƙofa da goro muka ba dattijon labari.

Damina ce ta nuna mana abin da ba mu hango ba. Da iska ta yi laima, sai tiyon ya fara gumi, na buɗe akwatin wata safiya na tarar da ɗigo a rataye dab da wayoyi. Na kashe ta da sauri. Muka naɗe tiyon da yankin soson katifa, muka kuma yanke cewa da damina jarkar roba za ta karɓi aikin randa, tunda garin da sanyinsa. Haka muka riƙa yi shekara biyu, ana sauya mazubi da sauyin yanayi.

Da makarantarmu ta samu tata kwamfutar, abokina ya sa rigarsa ta Juma'a ya raka ni ofishin shugaban makaranta, ɗauke da wani lagireton a leda, don mu yi mata irin wannan aikin. Shugaban ya saurare mu har ƙarshe, ya yaba ƙwarai, sannan ya ce ko kofin shayi aka kawo kusa da kwamfutar gwamnati sai ya rubuta wa mutum takardar tuhuma. Muka fito muna dariya, muka wuce gareji.