Hannun Baƙo a Goshin Ɗan Fari

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Auwalu a Manchester. Makon jiya ina cikin bas a Stratford Road, nan Sparkhill, na ga an liƙa takarda a tagar wani shago, wai ana yin Reiki, wato jinya ta ɗora hannu, har wanda yake wata ƙasa ana iya aika masa ta waya. Na yi dariya ni kaɗai. Da Yaya yana nan, na san cewa zai yi, "To, su kuma wane network suke hawa?"

Injiniyan lantarki ne, abin da ba a iya aunawa ba ya shiga kansa da sauƙi. Amma a kansa na fara ganin ana yin Reiki. Lokacin da ciwon daji ya ci ƙarfinsa, aka mai da shi hospice, wato gidan da ake jinyar waɗanda likitoci suka gama iyakar ƙoƙarinsu. Akwai wani dattijon Bature ɗan sa kai da ke zagaya ɗakuna da rana. Ba allura, ba tausa. Sai dai ya ɗora tafukansa a goshin majinyaci, ya jima, ya koma kafaɗa, ya koma ƙirji, bai ce uffan ba.

Yaya bai yarda ba sai da ya bi diddigin abin, haka halinsa yake. Shi ya gaya mini a Japan aka faro shi, wajen shekara ɗari da suka wuce. An ce wani mutum ne ya hau dutse kusa da Kyoto ya yi halwa da azumi na makonni, ya sauko yana koyar da cewa akwai wani ƙarfin rai da ke bi ta hannu ya shiga jikin mara lafiya. Daga almajiransa abin ya ƙetara Hawaii, ya watsu cikin Turawa. Yaya ya ce shi dai bai ga hujjar cewa yana warkar da cuta ba, ƙarfin nan kuma babu na'urar da ta taɓa nuna shi. Ta fuskar addini ma mutanenmu sun yi ta magana, wasu suka ce ya nisance shi. Ya tambayi dattijon ko yana roƙon wani abu a zuci, ya ce a'a. Yaya ya ce to bismilla, shi zai riƙa salatinsa, waraka ta Allah ce.

Na ce masa, "Kai da ba ka yarda ba, me kake nema a ciki?"

Ya ce, "Ke Hadiza, duk wanda ya taɓa ni a gidan nan, jijiya yake nema. Shi kaɗai ne ba ya neman komai."

A lokacin Innarmu ta zo daga Kano jinya. Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa mutuniyar da ce, mai tsananin alkunya. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi. Ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba, sai dai "yayanku". Ba ta zama kusa da shi, ba ta haɗa ido da shi, balle ta taɓa shi. A hospice ɗin ma kujerar bakin ƙofa ta zaɓa, carbi a hannu. Ita ke dama masa kunu da asuba, amma matarsa za ta miƙa wa ta ba shi.

Wallahi abin ya ci mini rai. Nakan taso daga Small Heath, inda nake zaune a lokacin, in hau jirgin ƙasa zuwa Manchester, duk hanya ina shirya maganar da zan gaya mata, in na iso kuma bakina ya mutu. Wa ya isa? Ga mutum yana ƙarewa a gabanmu, likita ta ce kwanaki ne, tsoron da nake yi shi ne ya tafi hannun uwarsa bai sauka a jikinsa ba. An ce rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki, to shi ga uwar a ɗakin.

Wata rana Inna ta zuba wa dattijon ido tun da ya fara har ya gama. Ta ga yadda Yaya ya saki fuska, numfashinsa ya daidaita. Da mutumin ya fita, ta ce da ni, "Me yake tofa masa?"

"Ba komai, Inna. Hannu ne kawai."

"Hannu kawai?"

Ta ja carbinta. Can ta ce, "Ku je ku nemo mini ruwan zafi, ke da matarsa." Ga fulas cike a gabanta. Muka fita, muka zauna a baranda, ba wadda ta leƙa. Da muka dawo tana kan kujerarta kamar ba ta motsa ba.

Washegari Yaya ya yafito ni, murya can ƙasa, ya ce, "Jiya an yi mini Reiki irin na Kano." Na ce, Inna ta kira sunanka? Ya ce, "Kai, kin cika kwaɗayi." Bai kai ƙarshen makon ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Har yau ba zan ce wa kowa Reiki magani ne ba, shi ma ba zai ce ba. Ban kuma ga laifin Inna yadda na gani a da, don alkunya ba ƙiyayya ba ce, haka aka koya mata son ɗa. Ayyukan da Yaya ya yi a kamfani wasu sun ɗora a kai, 'ya'yansa sun girma da Turancin Manchester a baki. Abin da ya rage mana na shi kansa, a wajen tsohuwar nan yake.

Jiya na kira ta. Ta ce, "Gobe shekara nawa ga yayanku?" Na ce bakwai. Sai ta ce, "Ashe yana da tabo a tsakiyar kai. Ban sani ba sai ranar."