Goggo Ta Ɗauka Buzuzu Ne

Fat! Maficin Goggo ya sauka a bayan kunnena, duniya ta yi min tsit.

Gaisuwa na je mata garin Kudan, karon farko tun da likitoci suka dasa min na'urar ji. Goggo ta hango wani baƙin abu manne a ƙasan hulata, ta ɗauka buzuzu ne.

Tun zamanin soja, ana layin sabulu, sanƙarau ya tafi da jina. A hannunta na tashi, ina shan ranƙwashi wai ina ƙura wa manya ido.

Na'urar ta faɗi, zakara ya nufo ta, na yi wuf na riga shi. Goggo kuwa ta rufe baki da mayafi tana ta magana.

Na ce, "Goggo, kunnena na hannuna. Janye mayafin in ga bakinki, da shi nake ji."

Ta janye mayafin. "Ashe kallon nan saurarona kake yi, Sani?"

Sai ta miƙo min kai. "Zo ka rama."

Ban rama ba, furar da ta dama wa kanta na shanye.

Ku fa, kurma ya taɓa ƙura muku ido kun ɗauka raini ne?