Ƙofar Inna Hawa

Ubaidullah bai iya zama ba. Tun yana kiwon shanun ubansa a Guci aka san shi da haka, yanzu kuma da yake gyaran salula a Dungas abin ya ƙaru: ya tsuguna, ya miƙe, ya leƙa waya, ya yi tsaki.

Abin da ya hana shi sakat rezo ne, wato sabis ɗin waya. Wani furoje na masu ba da agaji ya kafa wifi a ɗakin ƙungiyar manoma, ya sa masa rariya mai tace komai, farashin gero ya wuce, kiran bidiyo ya maƙale. Masu furojen sun kwashe kayansu tuni, rariyar tana nan. Ubaidullah ya koyi buɗe furoksi, wata ƙofar baya da kira ke bi rariya ba ta gani ba. Sai dai in jama'a suka yi yawa a ƙofa guda, rariyar ta gane ta, ta toshe. Shi ya sa yake sauya adireshi duk mako, yana rarraba mutane biyu biyu. Makiyayi ne, ya san garke in ya bi hanya ɗaya sawu ke tona shi.

Ƙofa guda ya keɓe wa Inna Hawa, wadda ɗanta Alkasim ke haƙar zinari can arewa. Ran Juma'a kaɗai, bayan la'asar, Alkasim yake hawa dutse ya samu rezo. Ubaidullah ya rubuta mata adireshin a takarda saboda wayar aro take kamawa.

"Inna, ke kaɗai. Ko kazarki kar ta gani."

Juma'a uku lafiya lau. Ta huɗu sai ga Inna Hawa da mata biyar a bayanta, kowace da waya, an kwafa mata adireshin tun Talata. Ƙofa ta toshe, mana.

"Haba Inna, me na ce miki?"

"Ɗan nan, in ga fuskar nawa, maƙwabciyata Saude tana bayan danga tana jin dariyata? Nata ma yana can."

Ubaidullah ya karɓi wayar, don ya san wanda ya samu iri ba ya hana maƙwabci. Ya shiga ya fita, ya gwada wannan adireshi, ya gwada wancan, gumi har gwiwar hannu, inuwar ɗaki sai tsawo take. Ƙofar ba ta buɗe ba sai da aka kira magariba. Alkasim ya riga ya sauka, ya bar saƙon murya: ya jira har ya gaji, gobe za su koma wani rami mai nisa, sai bayan wata biyu.

Inna Hawa ta saurara sau biyu, ta share ido da bakin zane. Tausayi ya kama Ubaidullah har ya zauna, abin da ba a saba gani ba. Ta miƙa masa takardar.

"Rubuta mini sabuwar. Ka yi baƙi manya manya, Saude ba ta gani sosai."