Jan Ƙyalle a Kan Batirin Gado

Duk wanda ya taɓa hawa motar kasuwa daga Dogon Dutsi zuwa Dogon Kiriya ya san Gado, in ma bai san sunansa ba ya san tarin motarsa. Tsohuwar bashe ce, wato ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya da rumfar tamfal, kuma ta girmi rabin fasinjojin da take ɗauka. Shekara talatin da shida suna tare. Shi gajere ne mai faɗin kafaɗa, mai ƙarancin magana da yawan tsaki. A aljihun gaban rigarsa ba ka rasa abu biyu, goro da ƙaramar sifana mai lamba goma.

Sifanar nan tana da dalilinta. In ka wuce Matankari hanya yashi ce, kuma a cikin yashi direba mai hankali ba ya kashe tsohuwar mota, don in ta ƙi tashi babu mai iya tura ta. Haka kuma direba ba ya wuce ɗan'uwansa da batir ya mutu masa. Abin da ake yi, sai mai lafiyayyar mota ya tsaya, ya bar injinsa na aiki, ya kwance batirinsa ya miƙa. A ɗora wa matacciyar ta tashi, a cire a mayar masa da abinsa. Tsofaffin motoci ba ruwansu, wutar dinamo tana riƙe su har batir ya dawo. Gado ya yi wannan sau ba adadi, har hannunsa ya daina neman izinin kansa.

Munkaila ne ɗansa na fari, saboda haka tun ranar da aka raɗa wa yaron suna bakin Gado bai taɓa furta shi ba. Kunyar ɗan fari ce, sai dai Gado ya riƙe ta da ƙarfi fiye da yadda kowa ya nema. "Kai" yake ce masa in suna tare, "wancan" in ba ya nan. Yabo kuwa ba a ma maganarsa. Munkaila ya girma ya tafi Yamai, ya shekara goma sha biyu a wani gareji yana aikin wutar mota, ya zama gwani har ana kawo masa motoci daga nesa. In an ba Gado labari a tasha sai ya ce, "To, ya dai rage yawo."

Ana nan sai kafiretar bashe, wadda ke haɗa mai da iska ta ba inji, ta tsufa har ta gaji. Mota ta koma shan mai ba ƙoshi, da safe kuma sai an yi ta lallashinta. Hilaire, tsohon makaniken da ke bayan kasuwa, wanda ba ya taɓa sifana ranar Lahadi sai ya dawo daga coci, ya toshe ta da sabulu, ya ɗaure ta da zare, ya yanka mata gwangwani. Rannan ya goge hannu ya ce, "Gado, dabarata ta ƙare. Abin ga ya mutu tun bara, kunyarka ɗai yaka ji. Kuma irinai babu, ko Sakkwato."

Bayan girbi sai ga Munkaila da kwali a kai. Ya zazzage shi a garejin Hilaire: wayoyi, tiyo, ƙaramin famfo, da wani akwati baƙi wanda bai fi tafin hannu ba.

"Baba, allura za mu sa mata," in ji shi.

"Lokotoro ka koma?" Gado ya tambaya, yana nufin likita.

Munkaila ya yi bayani a hankali. Za a cire kafireta. Famfo zai turo mai, wasu 'yan allurai su fesa shi cikin inji, akwatin nan kuma, wanda ake kira ƙwaƙwalwa, shi zai riƙa auna yawan da za a fesa. Gado ya saurara har ƙarshe, ya ja tsaki, ya ce a yi, tunda dai motar ta riga ta mutu.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Ranar farko mota ta ƙi tashi sam, Munkaila ya wuni yana bin waya ɗaya bayan ɗaya, ashe tsatsa ce ta hana wayar da aka ɗaura a jikin ƙarfe kama wuta. Da ta tashi, sai ta riƙa mutuwa in ta yi zafi, don famfon ya yi kusa da salansa. Aka matsar da shi. Sai kuma man kwalba na bakin hanya ya toshe alluran da datti, aka ƙara abin tace mai na biyu. Duk wannan Gado na zaune a kan tsohuwar taya yana cin goro, yana gaya wa masu wucewa cewa gwangwanin wancan zai kai shi ga sayen jaki.

Sai aka zo wurin saiti, kuma saiti ba a yin sa a tsaye. Munkaila ya aro kwamfutar maigidansa ta Yamai, ya jona ta da akwatin, ya zauna a gefen ubansa da ita a cinya. Mako uku suna zirga-zirga, Dogon Dutsi, Matankari, Dogon Kiriya, da kaya da babu kaya, a kwalta da cikin yashi.

"Baba, taka kaɗan. Riƙe nan. To, saki."

Gado ya taka, ya riƙe, ya saki. Tun da aka haifi yaron ba su taɓa zama kusa da juna na tsawon haka ba. Suna cin tuwo a kwano ɗaya a Matankari, suna sallah a inuwar mota. Munkaila ya ce ƙwaƙwalwar tana koyon ƙafar uban, yadda yake shiga yashi da yadda yake hawa tudu, shi kuma yana gyara mata inda ta yi kuskure. Gado bai taɓa jin daɗin kwanaki kamar waɗannan ba, kuma ko da wasa bai bari an gani a fuskarsa ba.

Ranar da aka gama, da sanyin safiya, ya murɗa makulli sau ɗaya, inji ya amsa. Babu tari, babu hayaƙi, sai wani sauti mai laushi wanda bai taɓa ji daga gare ta ba, ko lokacin ƙuruciyarta. Munkaila na tsaye yana kallon bakin ubansa. Maganar yabo ta taso wa Gado har maƙogwaro, sai ya haɗiye ta ya ce, "Mu gani in ta kai damina."

Munkaila ya yi murmushi, don ya san ubansa. Ya yage hannun tsohuwar jar rigarsa ta aiki, ya ɗaura ƙyallen a kan wayar batir.

"Baba, komi kaka so yi ma motar ga. Abu guda ɗai: kada ka hidda batir injin na aiki. In babu batir, wutar dinamo tana hauhawa ta ƙone ƙwaƙwalwa. Kashe ta tukuna, yanzu ko cikin rairai tana tashi. Na san hannunka, shi ya sa nid ɗaura wanga."

"Ni za ka koya ma batir?" in ji Gado. Da wannan suka rabu.

Motar ta kai damina, Munkaila ne bai kai ba. Da zafin bazara sanƙarau ya kama shi a Yamai, kwana uku ya yi. Wayar rasuwar ta sami Gado da hantsi yana ɗaure buhuna a tasha, kuma kafin ya isa an riga an kai yaron makwanci. Bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya karɓi gaisuwa, ya ce haka Allah ya so, bayan sadakar bakwai ya koma aiki.

Amma daga nan ya canza da motar. Da safe sai ya tayar da ita ya zauna ciki, hannu a kan sitiyari, ba ya zuwa ko'ina har sai fasinjoji sun fara ƙorafi. Duk abin da Munkaila ya bari a duniya ya tsaya cik, takalmansa, hularsa, hotonsa na katin shaida. Injin nan kaɗai ke motsi, yana numfashi, yana amsawa in an taka. Matarsa Maimunatu, uwar Munkaila, ita ma ta gane. Kullum takan fito bakin zaure da buta a hannu kamar mai wani aiki, ta tsaya har injin ya tashi, sannan ta koma ciki. Ba su taɓa yin zancen ba.

Wata rana yana duba ruwan batir ya ga ƙyallen ya fara cinyewa. Zafi da ruwan batir sun ci gefensa, jan ya koɗe. Zuciyarsa ta ƙi yarda ya bar rigar ɗansa ta ruɓe a cikin inji. Ya kwance shi, ya wanke da hannunsa, ya shanya, ya linke ya sa a aljihun gaba tare da goro da sifana. Ya ce a ransa ai ba abin da zai manta ba ne.

Da gero ya kai gwiwa, wata azahar, ya wuce Matankari da cikakken lodi sai ya hangi motar Halilu a tsaye cikin yashi. Halilu abokin hanyarsa ne na shekara talatin. Fasinjoji sun sauko, mata da goyo suna tsaye a rana, ga hadari yana haɗuwa daga gabas.

"Batir na, Gado," in ji Halilu. "Ya kwanta tun ɗazu."

"Kai da batirinka duk kun tsuhwa," in ji Gado, yana buɗe gaban motarsa.

Suka shiga barkwanci, Halilu na ba shi labarin wani ragon da ya tsere daga bayan mota har aka bi shi cikin gonar mutane. Gado ya yi dariya, ta farko tun bazara. Yana dariyar hannunsa ya shiga aljihu, ya fito da sifana, ya kwance noti, ya ɗaga waya.

Injin ya yi wani gunji gajere, aka ji ƙas, sai shiru. Warin ƙonanniyar roba ya taso.

Gado ya tsaya da wayar a hannu. Ɗaya hannun ya kai aljihu ya taɓa ƙyallen. Ya mayar da batir da sauri, ya shiga ya murɗa makulli. Inji ya juya, ya juya, ya ƙi kamawa. Ya murɗa har Halilu ya riƙe masa hannu ya ce zai kashe batirin. A ƙarshe da batirin aka tayar da motar Halilu, ita ta jawo bashe da igiya har Dogon Dutsi, ruwa na dukansu.

Hilaire ya kwance akwatin ya buɗe. Ciki ya yi baƙi ƙirin. Ya daɗe yana juya shi kafin ya yi magana.

"Ana iya aiko da wani daga Yamai. Amma abin da yaron yaz zuba ciki, Gado, ba a saida shi kasuwa."

Aka kira garejin Yamai don a ji ko saitin na nan a kwamfuta. Suka ce an goge ta tuni, an ba wani ma'aikaci.

"Maida mata kahwireta," in ji Gado.

Tsohuwar kafiretar na cikin buhu a ɗakin ajiya. Hilaire ya sake toshe ta da sabulu da zare, bayan kwana biyu mota ta tashi. A tasha aka yi ta yi wa Gado barka, wasu na cewa dama kayan zamani ba su da amana. Shi dai ya ci gaba da ɗaure buhunansa.

Washegari da safe Maimunatu ta fito bakin zaure da butarta. Ya murɗa, ya murɗa, motar ta yi tarinta na da, ta tashi da baƙin hayaƙi. Maimunatu ta ajiye butar a ƙasa.

"Malam, wagga ba ita ba ce."

"Na ƙone ta," in ji shi. "Ya hwaɗa mini, ya ɗaura mini alama. Ni nic cire. Da hannuna."

Ta dube shi, ta ga yadda ya tsufa cikin kwana uku. Ta ce, "Hannunka taimako yat tahi yi." Sai ta shige ciki. Gado ya kifa kansa a kan sitiyari ya yi kukan da bai yi ba a bazara, injin na ta tari a ƙarƙashinsa. Abin da ya fi ci masa rai, yaron ya tsaya yana kallon bakinsa ranar nan, kalma biyu kawai yake jira, shi kuma ya ce a jira damina.

Har yau Gado na bin hanyar. Ya mayar da jan ƙyallen kan wayar batir, inda yanzu ba ya tsaron komai. In ya tarar da wanda batirinsa ya mutu yana tsayawa kamar da, sai dai kafin ya taɓa sifana yana kashe injin, ko a tsakiyar yashi ne. Sau da dama tsohuwar ta ƙi tashi bayan haka, fasinjoji su sauko su yi ta turi suna masifa.

Rannan abin ya sake faɗawa kan Halilu. Ya ga Gado ya murɗa makulli ya kashe mota, ya ce, "Haba Gado, kahwireta ce hwa yanzu, babu abin da za ya ƙone. Don mi kaka wahal da mutane?"

Gado ya kwance ƙyallen a hankali, ya riƙe shi a hannun hagu, ya sa sifana.

"Munkaila ya hana," in ji shi.

Shekara talatin suna tare, Halilu bai taɓa jin sunan daga bakinsa ba. Ya miƙa hannu biyu ya karɓi batirin.