Allurar da aka soka wa baban kakata

Ina ba Kaka labarin wani da zuciyarsa ta tsaya a asibiti, aka yi masa allurar adirenalin ana danna ƙirjinsa har ya dawo, sai ta ce, "Yo jikalle, ai ita aka yi wa babana."

Wai a shekarun 1930, yana saurayi, ya yanke jiki ya faɗi a barikin Gure. Ana ta salati, lokotoron soja, wato likita, ya soka masa doguwar allura a ƙirji, ya farfaɗo.

"Daga nan ƴan mata suka riƙa gudunsa, wai fatalwa ne. Innata kaɗai ta yarda ta aure shi."

Ashe da ita ma ta ji tsoro, babu ni.

Ku kuna tambayar tsofaffinku kuwa?